Motar Kara da Jarumin Cikin Kwali: Sharhi a kan Tara Kayan Wasan Ƙuruciya

Gabatarwa

A hutun ƙarshen zangon da ya wuce, a kan hanyata ta zuwa ƙauyenmu da ke tsakanin Bakori da Malumfashi, na yada zango a Funtuwa don in gai da wani abokina wanda muka yi firamare tare. Ya yi shekaru yana aiki a Ingila, bai daɗe da dawowa gida ba. Bayan mun gaisa, mun ci abin da ya sawwaƙa, sai ya ce in taso ya nuna mini dukiyarsa. Ni a zatona gona za mu, ko kuwa garke, domin a ƙasarmu in mutum ya ce dukiya abin da yake nufi ke nan. Sai na ga ya buɗe wani ɗaki ya kunna fitila. Ga kabad biyu masu gilashi, maƙil da 'yan mutum-mutumin roba, watau jaruman majigin yara da muka riƙa kallo muna ƙanana, wasu a telebijin, wasu a kaset ɗin bidiyo. Ga He-Man da takobinsa, ga abokin gābarsa Skeletor, ga zakuna biyar na Voltron, ga motocin Transformers masu rikiɗa su zama mutane. Yawancinsu suna cikin kwalayensu na asali, ko ledar ba a ɓare ba.

Muna cikin kallo sai ɗansa, yaro ɗan kimanin shekara bakwai, ya shigo ya gaishe ni, sa'an nan ya nuna gilashin ya ce, "Baba, a ba ni mai takobin nan in yi wasa." Uban ya daka masa tsawa ya ce, "Kul! Na sha gaya maka waɗannan ba na wasa ba ne."

To, wannan magana ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Kayan wasa, amma ba na wasa ba! Na nemi izinin abokin nawa kafin in rubuta, ya ce in rubuta, sai dai in yi adalci. Zan yi iyakar ƙoƙarina. Abin da nake so in tattauna da mai karatu shi ne: mene ne ainihin abin da ya cancanci a adana daga wasan ƙuruciya, kuma mu ɗaliban Hausa wane ne namu a ciki?

Asalin Jarumin Roba

Kafin a yi wa abu hukunci ya kamata a san asalinsa. A shekarar 1959 kamfanin Mattel na Amurka ya fito da 'yar tsanar nan Barbie, ta yi kasuwa ƙwarai a wurin 'yan mata. Ganin haka sai kamfanin Hasbro ya nemi hanyar da zai sayar wa yara maza irin wannan haja, a 1964 ya fito da wani soja mai tsawon inci 12, mai gaɓoɓin da ke lanƙwasuwa, aka sa masa suna G.I. Joe. Amma da yake sun san yaro namiji ba zai yarda a ce yana wasa da 'yar tsana ba, sai suka hana a kira shi da wannan suna, suka ƙirƙiro masa wani sabo da Turanci mai ma'anar mutum-mutumin gwagwarmaya. Ashe kunyar da yaron Malumfashi yake ji in an gan shi da 'yar tsana, ita ce yaron Amurka yake ji, sai dai can an sami 'yan kasuwa da suka san yadda za su kewaye ta.

A 1977 aka nuna fim ɗin Star Wars. Kamfanin Kenner da ya sami izinin yin kayan wasansa bai shirya da wuri ba, saboda haka a lokacin Kirsimetin shekarar sai ya sayar wa iyaye kwali da takardar alkawari, aka aika wa yara 'yan mutum-mutumin a 1978. Cinikin da aka yi bayan haka ya buɗe idon sauran kamfanoni, suka gane cewa labari shi ke sayar da roba. Daga nan sai al'amarin ya juye. A da, labari ake fara yi, in ya karɓu a yi masa kayan wasa. Amma Mattel ya fito da He-Man da fadarsa ta Grayskull a 1982, sa'an nan a 1983 kamfanin Filmation ya fara nuna majiginsa, har kashi 130. Watau haja ce ta riga labari zuwa duniya. A 1984 hukumar kula da sadarwa ta Amurka ta janye ƙa'idojin da suka taƙaita yawan talla a cikin shirye-shiryen yara, kuma a wannan shekara ce Transformers da Voltron suka bayyana, dukansu biyu tushensu daga Japan. Sai a 1990 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta mai da iyaka ga tallar.

Ma'anar wannan ita ce, lokacin da muke cunkushe a zauren wani maƙwabcin kawuna a Funtuwa, mu fi ashirin, muna jiran zakuna biyar su haɗu su zama ƙato guda, talla muke kallo ba mu sani ba. Sai dai tallar ta faɗi a inda babu mai saye. Babu ko ɗaya daga cikinmu da ubansa ya taɓa saya masa zakin Voltron, ba mu ma san ana sayarwa ba. Abokina ya gaya mini da bakinsa cewa ranar da ya fara ganinsu a wata kasuwar tsofaffin kaya a Ingila, yana da shekara talatin da 'yan kai, sai da idonsa ya ciko. Wannan ban raina shi ba, kuma bai kamata kowa ya raina ba. Tallar da aka yi masa yana yaro ce ta jira shi fiye da shekara ashirin kafin ta karɓi kuɗinta.

Abin da Mai Tarawa Yake Saye

A wurin masu wannan sha'awa, darajar abin wasa tana ƙaruwa ne gwargwadon nisansa da hannun yaro. Wanda aka yi wasa da shi har fenti ya goge, araha gare shi. Wanda ke da kayan yaƙinsa cikakku ya fi shi. Wanda ba a taɓa buɗe kwalinsa ba shi ne sarki. Akwai ma kamfanonin da aikinsu shi ne su duba kwali, su ba shi maki, su rufe shi a cikin akwatin roba mai garai-garai don kada iska ta taɓa shi. Misalin da ya fi kowane shi ne na wani ɗan mutum-mutumin Star Wars mai suna Boba Fett, wanda aka ƙera samfurinsa da roka mai harbawa a bayansa, amma aka fasa sayar da shi don tsoron kada yara su haɗiye rokar. A 2024 an sayar da guda a gwanjo a kan dala 525,000, bayan 'yan watanni aka sayar da wani a kan fiye da dala miliyan ɗaya. Mai karatu ya lura: abin wasan da ya kai wannan tsada shi ne wanda ba a taɓa miƙa wa yara ba.

Su kansu Amurkawa sun ga wannan baubawan burmi. Fim ɗin Toy Story 2 na 1999 a kansa aka gina shi: wani mai tarawa ya sace abin wasan wani yaro don ya sayar wa gidan tarihi a Tokyo, kuma mugun da ke cikin labarin shi ne wanda ya daɗe a kwali ba wanda ya taɓa wasa da shi. Fim ɗin ya yanke hukunci cewa gara a yi wasa da kai ka yage da ka dawwama a bayan gilashi. Hukuncin ya yi daidai, amma kada mu manta cewa jaruman wannan fim ɗin ma an buga su da roba an cika kantuna da su.

Suka ta a kan kabad ɗin abokina guda biyu ce. Ta farko, abin da yake nema bai shiga kabad ɗin ba. Shi ƙuruciyarsa yake nema, ita kuwa tana zauren nan mai warin gumi, inda ake tura ƙarami ya je ya juya eriya, inda in an ɗauke wuta sai mu fita waje mu ƙarasa labarin da kanmu, kowa na faɗa a kan shi ne baƙin zaki. Robar da ya saya ba ta halarci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ta biyu, labarin da ke tattare da kowane jarumi ba na yaro ba ne. Kamfani ya riga ya raɗa masa suna, ya gaya maka abokinsa da maƙiyinsa, ya rubuta tarihinsa a bayan kwali. Wani marubucin Faransa, Roland Barthes, ya yi irin wannan ƙorafi tun 1957 a littafinsa Mythologies, inda ya nuna cewa kayan wasan kanti suna mai da yaro mai mallaka da amfani da abin da wani ya ƙera, suna hana shi zama maƙeri. Hausawa kuwa tun tuni suka ce kayan aro ba ya rufe katara.

Motar Kara

Yanzu bari mu bar gilashi mu koma gona. Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Funtuwa da Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Malumfashi a zamaninmu ya san cewa wasa ma yana da lokacinsa kamar shuka. Da damina laka ce ke ci, a gina shanu masu tozo da tukwane da akwatin rediyo, a shanya a rana. Da kaka kuwa, in an sare dawa an kwantar da kara ya bushe, sai kasuwar motar kara ta buɗe.

Aikin ba na raggo ba ne. Da fari sai ka zaɓi kara miƙaƙƙe wanda tsutsa ba ta huda ba. Ka yanka shi gaɓa-gaɓa, ka ɓare ɓawon da haƙori ko da guntuwar reza, ka fid da totuwar cikinsa fara fat. Totuwa ita ce katako, ɓawon kuwa in an tsaga shi siri-siri an fiƙe bakinsa shi ne ƙusa. Da su za ka haɗa gindin mota, ka ta da kai, ka jera bodi. Taya kuma a fafe ta daga sakaina ko daga tsohon silifas, a zura mata tsinke. A ƙarshe a samo dogon sillen kara a ɗaura, shi ne sitiyari, yaro yana tsaye yana tuƙi. Ɓawon kara yana da kaifi kamar aska, kuma har yau akwai tabonsa a babban ɗan yatsana na hagu. Wanda hannunsa ya faɗa sai ya wuce kara ya koma motar langa-langa, watau siririn ƙarfen nan da ake ɗaure dilar kaya da shi, a lanƙwasa shi da dutse, a yi masa bodi da gwangwanin madara.

Abin lura a nan shi ne, me yaran suke ƙerawa? Abin da ke wucewa ta gabansu. Ƙasarmu ƙasar auduga ce. Tun a zamanin Turawa kamfanin BCGA ya kafa injin gurza a Funtuwa da Malumfashi, kuma layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya nufi Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Saboda haka gingimarin da ke kwasar auduga daga fuloti shi ne abin da kowane yaro yake burin ƙerawa, ya cika bayansa da audugar da ya tsinta a bakin hanya. Da aka kafa shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa a 1975 da taimakon Bankin Duniya, tantan ta yawaita a ƙauyuka, sai yayyenmu suka shiga yin tantan ta kara, mai manyan tayoyin baya da garma a ɗaure. Mu muka tarar da tirela da fijo da a-kori-kura. Da a ce wani ya riƙa ajiye mota guda a kowace kaka, ya rubuta shekara a jikinta, da yau muna da tarihin sufuri da noman yankin nan kamar yadda idon yara ya gan shi.

Kuma ƙira rabin wasan ce kawai. In an gama sai a share fili a yi tasha. Wannan direba, wancan ƙaren mota, ga ɗan kamasho yana kiran Zariya, Gusau, Katsina, ana biyan kuɗin mota da ganye. Can gaba wani ya gitta kara a hanya, ba za ka wuce ba sai ka miƙa masa ganye biyu ta bayan hannu. Babu wanda ya rubuta mana wannan. Mun gani ne a wurin manya, muka kwaikwaya, muka yi musu dariya ba su sani ba. In wannan ba wasan kwaikwayo ba ne mai jigo da 'yan wasa da habaici, to ban san abin da muke karantawa a aji ba.

Motar kara ba ta wuce mako biyu. Ko akuya ta cinye, ko ƙane ya taka, ko uwa ta rasa abin hura wuta ta jefa ta a murhu. Za ka yi kuka, gobe ka yi wata wadda ta fi ta kyau. Abin da ya rage bayan mota ta tafi shi ne hannun da ya iya.

'Yar Tsana

'Yan mata ma ba a bar su a baya ba. 'Yar tsanar yayata ƙashin ƙafar dabba ce da aka wanke aka goge, aka yi mata kitso da baƙin zare, aka ɗaura mata zane da ƙyallen da aka roƙo a wurin tela. Wasu da kara suke yi, wasu da totuwar masara. Ana goya ta, a yi mata tuwon ƙasa a marfin kwalba, in ta isa aure a haɗa kai da ƙawaye a yi mata biki, da lefe da jere da kai amarya da waƙoƙinsu. Abin da masu tarawa ke saye da tsada da sunan gidan jarumi ko fadarsa, su 'yan matan nan da laka da sakaina suke gina shi a gindin katanga. Wannan wasa tsoho ne ƙwarai, domin ya zo a hadisi cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana da take wasa da su tare da ƙawayenta, kuma malamai da yawa sun kafa hujja da haka wajen yin rangwame ga kayan wasan yara. Batun babba ya jera mutum-mutumi a ɗaki don ado kuwa, wannan fagen malaman fiƙihu ne, na bar musu.

Adalci ya sa in faɗi cewa namu ma bai kuɓuta daga suka ba. Barthes ya zargi kayan wasan ƙasarsu da cewa suna shirya yaro ya karɓi duniyar manya yadda ya same ta, kuma wannan zargi ya hau kanmu. Yarinya goyo da girki da aure, yaro tuƙi da tasha. Ban taɓa ganin an bar mace ta ja motar kara a dandalinmu ba tare da an yi mata tsiya ba, alhali kuwa yayata ta fi ni iya fiƙe ɓawo. Bambancin da ya rage shi ne, a namu yaro ne yake zaɓen abin da zai kwaikwaya, shi yake ƙera shi, shi yake sa masa magana a baki.

Laifi Tudu Ne

Da na gaya wa abokina duk wannan, sai ya yi murmushi ya ɗauko wani jarumi da ba ya cikin kwali, ya juya shi ya nuna mini rubutun da ke jikinsa: sunan kamfani, da shekara, da ƙasar da aka buga shi. Ya ce, "Malam, ni na san ranar haihuwar kowane ɗaya a ɗakin nan. Kai kawo mini motar kara guda ta 1988, ka gaya mini wanda ya yi ta." Na yi shiru. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Gaskiya ce ya faɗa. Masu tarawa, duk da abin da na ce a kansu, sun iya riƙon tarihi. Suna da littattafan da suka jera kowane abin wasa da shekararsa da kamanninsa. A birnin Rochester na jihar New York akwai gidan tarihin wasa mai suna The Strong, wanda ke zaɓen kayan wasan da suka yi fice yana karrama su, kuma a 2005 ya karrama kwali, a 2008 ya karrama sanda, watau itacen da yaro ke tsinta a ƙasa. Su da suka cika duniya da roba sun san darajar sanda. Mu kuwa, a nazarinmu na Hausa, mun fi ba da ƙarfi ga abin da baki ya furta. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya yi mana babban aiki da jerin littattafansa na Tatsuniyoyi da Wasanni, kuma ɗalibai da dama sun bi sawunsa a kan waƙoƙin gaɗa da tashe. Amma abin da hannun yaro ya ƙera, mun ɗauke shi shirme, ba mu ga ya isa a yi masa kundi ba.

Da na isa ƙauye sai na gwada. Na tara 'ya'yan yayyena da na maƙwabta, su tara, na ce duk wanda ya yi mini motar kara zan ba shi tukuici. Biyu sun ce sun taɓa gani. Babu wanda ya san ta inda ake farawa. Abin da ke hannunsu shi ne motocin roba na kasuwa masu karyewa a kwana uku, da wayar iyayensu in sun samu. Babban wana, wanda ya ba hamsin baya, yana kishingiɗe yana jinmu. Na ce, "Yaya, ko za ka tuna?" Ya ce, "Kai dai ba ka girma. Miƙo mini karan can." Kafin la'asar ya gama gingimari har da ƙofar da ke buɗewa, yana yi yana faɗin sunan kowane sashe, yaran sun kewaye shi ko tari babu mai yi. Washegari na tarar da uku daga cikinsu a bayan rumbu, yatsu duk jini, suna ta fama.

Dalilan wannan rashi ba ɓoyayyu ba ne, kuma ba duka ne laifin roba ba. Tun bayan shirin 1975 masara ta mamaye gonaki da yawa da a da dawa ce a cikinsu, karan masara kuwa bai kai na dawa tsawo da ƙwari ba. Karan da ya samu ma yanzu kuɗi ne, ana tara shi don dabbobi da girki da danni, ba a barin sa a gona yara su ɗiba. Noman auduga ya ja baya tun da masaƙun Kaduna suka durƙushe. Sa'an nan ga babbar masifa, watau rashin tsaro. Tun kafin a kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, da kuma bayan haka, ƙauyuka da yawa a Faskari da Sabuwa da Ɗandume sun ga tashin hankali, wasu sun watse. Uwar da ke cikin fargaba ba ta barin ɗanta ya yini a gona neman kara. Sana'ar da yaro ke koya a wurin yaro kuwa, in aka sami tsara guda da ba ta koya ba, shi ke nan zare ya tsinke.

Kammalawa

A taƙaice, abokina ya adana jiki ya bar rai, mu kuwa mun bar jikin ya ruɓe, ran ma muna kallo yana fita. Shi aƙalla ya yi wani abu. Saboda haka ina ba wannan ƙungiya tamu shawara, musamman 'yan'uwa ɗalibai da suka fito daga karkara. In an tafi hutun kaka, kowa ya nemi mutum guda a garinsu, namiji ko mace, wanda ya iya motar kara ko ta langa-langa ko 'yar tsana ko shanun laka. A zauna da shi ya ƙera a gabanka. A rubuta sunansa in ya yarda, da garinsu, da shekarun da ya yi wasan, da wanda ya koya masa. A rubuta sunan kowane sashe da kowane mataki da karin harshen wurin, domin yadda Bakatsine zai faɗa ba lalle ne ya zama yadda Bazazzagi zai faɗa ba, kuma kalmomi da yawa da muke tinƙaho da su yau ba don Bargery ya bi gari-gari ya tattara su a ƙamusunsa na 1934 ba, da sun bi iska. A ɗauki hoto da murya, tun da wayar tana aljihun kowa. A rubuta maganganun tasha da waƙoƙin bikin 'yar tsana yadda aka faɗe su, kada a gyara. Malamanmu kuma ina roƙonsu su karɓi irin wannan a matsayin kundin kammala digiri, kamar yadda suke karɓar nazarin waƙa.

Sharaɗi guda ne nake so a kiyaye, shi ne kada a yi aikin sai da yara a wurin. In an gama a ɗauki hoton motar, a auna ta, sa'an nan a miƙa wa ƙaramin cikinsu ya ja ta har ta karye. In muka kwaso ta muka kulle a kabad ɗin sashe, to mun zama abokina, sai dai namu kayan ba mai saye.

Da zan komo makaranta na sake biyawa ta Funtuwa, na kai wa ɗan abokina gingimarin da Yaya ya ƙera. Uban ya karɓa ya jujjuya shi, ya daɗe yana duban ƙofar nan mai buɗewa, sa'an nan ya ce ko in bar masa ya sa a gilashi. Na ce a'a, na mai ita ne. Yaron ya fizge ya yi waje. Ina jin zuwa yanzu ta karye, kuma ina fata ya dami ubansa da kuka har ya tuna yadda ake ɓare kara, domin a ajinmu babu wanda ya fi shi iyawa.

Allah Ya sa mu dace, amin.